Jirgin lilo mai hawa da sarƙa: mun duba tudunsa daga gindi har ƙoli

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da jirgin lilo, wato jirgin wasa mai taragu da ke bin dogo yana hawa yana gangara, ya san ƙarar nan da yake yi in ya kama hawa: ƙas, ƙas, ƙas, tun daga gindin tudu har ƙoli. A wuraren wasan yara lokacin Sallah ba a rasa uwar da gabanta zai faɗi in ta ji ta, ta matsa kusa da mai kula da injin ta ce, "Ɗana, wannan ƙara lafiya kuwa? Ko wani abu ne ya kwance?" Ba abin da ya kwance, Hajiya. Ranar da jirgi irin wannan ya hau tudu shiru, ba a ji wannan ƙara ba, ranar ce ya kamata a sauke yara a rufe injin.

Kayan da muka duba ƙaramin jirgin lilo ne na iyali, ƙirar ƙasar Sin, irin wanda dillalai ke tallata wa masu wuraren shaƙatawa a Zariya da kewaye. Taragu shida ne, mutum biyu a kowane tarago, tudun farko kuma kimanin mita 5. Fenti da kujeru da fitilu ba su ɗauki hankalinmu ba, domin waɗannan kowa na iya gani da idonsa. Tudun hawa muka tsaya a kai, saboda jirgin lilo irin wannan ba shi da inji a jikinsa. Duk ƙarfin da zai kai shi ya zagaya ya dawo tasha, a kan tudun nan ake ɗura masa shi, daga nan nauyinsa ne kawai ke tafiya da shi. In ya gangara cikakkiyar mita 5, gudunsa a ƙasa ba zai wuce kilomita 36 a awa ba, komai girman moton da aka sa masa, domin tsayin tudu ne ke yanke gudu.

A tsakanin layukan dogo biyu akwai wani kwami na ƙarfe da ya miƙe daga gindin tudu zuwa ƙoli. A cikinsa sarƙa take kwance, irin ƙirar ta babur ce sak, sai dai ta fi ta kauri nesa ba kusa ba. Tana hawa ta cikin kwamin, ta zagaye wani faifai mai haƙora a sama, ta dawo ta ƙarƙashi, ta zagaye wani a ƙasa. A wannan jirgi moto da giyabos suna ƙasa, wanda a ganinmu ya fi sauƙin duba wa makanike, ba sai ya hau sama da sufana ba. A ƙarƙashin taragu biyu akwai ƙugiya ta ƙarfe mai lilo a kan fil, da sifirin da ke danna ta ƙasa. Da jirgi ya iso gindin tudu, ƙugiyar ta faɗa tsakanin gaɓoɓin sarƙa, sai sarƙar ta tura ta, jirgi ya bi. Gefe ɗaya kaɗai take kamawa. Shi ya sa da rabin jirgin ya tsallake ƙoli, nauyi ya rinjaya gaba, jirgin ya fi sarƙa gudu, sai ƙugiyar ta zame da kanta. Ba wani makunni da ake dannawa don a sake ta.

Ƙarar da ake ji kuwa ba daga sarƙa take ba. A gefen kwamin akwai dogon ƙarfe mai haƙora irin na zarto. Wata ƙugiyar daban, wadda za mu kira waigi, tana jan jiki a kan haƙoran nan: ta hau gangaren haƙori, ta faɗa bayansa, ta hau na gaba, ta faɗa. Kowace faɗuwa ita ce "ƙas" ɗin. In sarƙa ta tsinke, ko an ɗauke wuta, ko ƙugiyar ja ta kuɓuce, jirgin zai ja baya 'yan santimita kaɗan ne, waigi ya daki tsayayyar fuskar haƙori, ya tsaya cak. Wanda ya taɓa ganin yaron mota yana bin tirela da katako a kan gangare, direba na matsawa yana cusa waigi bayan taya, ya riga ya fahimci aikin. Bambancin kawai shi ne wannan waigin ba ya gajiya kuma ba ya makara. Mai keke ma ya san shi, domin irin wannan harshen ƙarfe ne ke ƙara a cikin firiwil in an daina taka feda.

Dabarar ta daɗe. Jirgin da LaMarcus Thompson ya buɗe a Coney Island ta birnin Niyok a 1884, da ƙafa mutane ke hawa hasumiya su shiga, ma'aikata su tura. Shekara guda bayan haka Phillip Hinkle ya kawo wanda inji ke jan sa zuwa ƙoli, John Miller kuma ya yi rajistar waigin hana komawa baya a 1910. Har yau manyan jirage ba su bar sarƙa ba: Fury 325 da aka buɗe a Amurka a 2015, mai tsayin mita 99, da sarƙa ake jan sa. Wasu, kamar Millennium Force na jihar Ohayo, mai mita 94, igiyar ƙarfe suke amfani da ita don ta fi sauƙin nauyi da sauri. A mita 5 ba a buƙatar wannan.

Abin da ya fi burge mu a wannan jirgi shi ne ba a yi rowar ƙarfe a inda ya dace ba. Waigi uku ne, a tarago na ɗaya da na uku da na ƙarshe, ba ɗaya tilo ba, saboda haka ko sifirin ɗin guda ya karye sauran biyun na nan. Sarƙar mai lamba 100 ce, tazarar fil zuwa fil milimita 31.75, irin wadda sai an ɗora mata abin da ya haura tan 8 kafin ta tsinke. A lissafa abin da take ja. Jirgi cike da mutum 12 yana kusan tan 2. A gangare mai digiri 20, abin da ke kan sarƙa kusan kashi ɗaya bisa uku ne na nauyin, wato kamar kilo 680. Ke nan akwai rarar da ta ninka sau goma. Moto kilowat 11 ne. Ɗaga tan 2 zuwa mita 5 cikin daƙiƙa 15 yana cin kimanin kilowat 6.5, ragowar kuma ta tafi wajen gogayyar tayoyi da sarƙa da asarar cikin giyabos, har a sami saura. Moton na juyi kusan 1,450 a minti, giyabos ya sauko da shi ƙasa da 40, sarƙa ta riƙa tafiya kamar mita ɗaya a daƙiƙa. Lissafin ya zauna daidai, ba a matse shi ba.

Sai dai an ƙera shi ne don ƙasar da wuta ba ta rawa, kuma a nan matsalar farko take. Yadda ya zo, kai tsaye ake tayar da moton. Moto irin wannan yana jan wajen amfiya 21 in yana cikin aiki, amma a lokacin tashi yana iya jan ninki shida, sama da 120. Ƙaramin janareta in ya ji wannan sai ya durƙusa, fitilu su dushe, akwatin sarrafawa ya mutu ya sake tashi, jirgi kuwa yana tsakiyar tudu da yara a ciki. Mafi wahalar aiki ga moto shi ne tada cikakken jirgi da ya tsaya a kan gangare, kuma a daidai wannan lokaci ne sarƙa ke shan fizga mafi muni. Mai saye ya dage a haɗa masa da na'urar daidaita gudun moto, wadda ke tayar da shi sannu a hankali. Tana da wani amfanin: ana iya saita gudun sarƙa ya yi daidai da gudun jirgi in ya iso gindin tudu. A wanda muka duba sarƙar ta fi jirgin sauri, don haka duk kamawa sai an ji "gam", kawunan yara su yi baya. Wannan duka a kan fil ɗin ƙugiya yake sauka, sau ɗaruruwa a ranar Sallah guda.

Akwai kuma batun layukan wuta uku da moton ke aiki da su. In mai gyaran lantarki ya sauya waya biyu wajen haɗa janareta, moto zai juya baya, sarƙa ta riƙa gangarowa maimakon hawa. In layi ɗaya ya ɗauke, moton zai yi ta gurnani yana zafi har ya ƙone. Ƙaramar na'urar da ke gane juyewar layi ko ɓacewarsa ta yanke wuta ba ta cikin akwatin da ya zo da jirgin, alhali kuɗinta bai taka kara ya karya ba in aka kwatanta da naɗin sabon moto. Masu sayar da kayan lantarki na masana'antu sun san ta. A sa ta tun ranar farko, kuma duk lokacin da aka taɓa wayoyin janareta a fara kunna sarƙa ba jirgi, a ga inda ta nufa.

Matsala ta biyu ƙura ce, kuma ita ce za ta ci kuɗin mai jirgi a ɓoye. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, hazon hunturu ba ya barin komai a Zariya. Mun sa yatsa a cikin kwamin sarƙar, abin da ya fito wani baƙin kwaɓi ne mai kaushi, in ka murza shi tsakanin yatsu biyu kana jin yashi. Giris ne aka lafta a kan sarƙa da niyyar alheri, ƙura ta zauna a kai, ya koma abin wasa wuƙa. Inda sarƙa ke buƙatar mai shi ne can ciki, tsakanin fil da bututun da yake juyawa a ciki, kuma giris ba ya shiga can, sai ma ya toshe hanya. Mai mai ruwa ake so, sabo, irin SAE 30, a ɗiga shi a gefen faranti inda zai tsiyaya ciki, a goge na waje. A zafin Maris da Afrilu ana iya komawa SAE 40. Baƙin man da aka juye daga mota kuwa, wanda wasu ke ganin araha ce, cike yake da garin ƙarfe, kada ya kusanci sarƙar. Da hunturu a wanke ta da kananzir da buroshi duk mako biyu, a share kwamin, sannan a sa mai.

Mutane kan ce sarƙa ta miƙe. Ƙarfen bai miƙe ba, fil da bututu ne suka cinye juna, kowace gaɓa ta sami ɗan sarari, in aka tara su sai tsawon ya ƙaru. Aunawa ba wuya. A inda sarƙar take a ɗame, a ƙirga gaɓa 12, a auna daga tsakiyar fil zuwa tsakiyar fil. Sabuwa za ta ba da milimita 381. A masana'antu in ta kai ƙarin kashi 3 cikin ɗari, wato 392, an gama da ita. Ga injin da ke ɗaukar 'ya'yan mutane, shawararmu kada a jira haka, da ta doshi 388 a nemo sabuwa. A auna wuri uku ko huɗu, domin ba ta cinyewa daidai, a rubuta a littafi da kwanan wata. Sannan a dubi haƙoran faifai: in sun fara lanƙwasa kamar lauje, a canza su tare da sarƙar. Kowane ɗan acaɓa ya san abin da tsohon faifai ke yi wa sabuwar sarƙa.

Wurin da ba a cika dubawa ba shi ne shimfiɗar cikin kwami. Wata tauraruwar roba ce fara da sarƙa ke zamewa a kai. In ta cinye, sarƙar na nutsewa ƙasa da 'yan milimita, ƙugiya ta koma kamawa da bakin-baki. Alamarsa ita ce jirgi ya riƙa tsalle a tsakiyar hawa: ya kama, ya kuɓuce, ya faɗa kan waigi, ya sake kamawa. Masu gyara da yawa in suka ga haka sai su ɗaure sarƙa tamau, su ɗauka saki ne. Ɗaurin da ya wuce kima boris ɗin giyabos yake kashewa, kuma bai taɓa ainihin ciwon ba. Shimfiɗar da ta zo da wannan jirgi siririya ce, ba mu gamsu da ita ba. A sayo ta biyu tun wajen oda. Abin ɗame sarƙar shi ma na noti ne, da hannu ake matsa shi, ba mai sifirin ko nauyi da ke bin sarƙa da kansa ba, saboda haka sai an duba shi kowace safiya.

Wasu dillalan za su ce a ɗauki mai tayoyi, wanda ƙananan tayoyin mota ke matse wani ƙarfe a ƙarƙashin jirgi suna tura shi sama. Ya fi shiru, kuma samun taya a Sabon Gari ba wahala. Amma da damina in ruwa ya jiƙa su santsi suke yi, in iskarsu ta ragu ba sa kamawa, kuma moto da yawa ne maimakon ɗaya. Ga wurin da ke da makanike tsayayye, mu sarƙa muka fi so. Ga wanda zai buɗe da Sallah kaɗai ya rufe, ya bar sarƙa ta sha ruwan Agusta ba kulawa, mai tayoyin zai fi yi masa sauƙi.

Abu biyu ne muke ganin ba a buɗe jirgin nan ga jama'a sai an gyara su. Na farko matakalar gefen tudu. Ita ce hanyar sauko da mutane in jirgi ya tsaya a sama, kuma a nan garin zai tsaya, ko don wuta kaɗai. Wadda ta zo da shi ƙunci gare ta, madafa a gefe ɗaya kawai, ƙarfen takawa kuma sumul. A yi tunanin yarinya 'yar shekara shida da sabon takalmin Sallah, tana kuka, a mita 4 daga ƙasa. Mai walda ƙwararre zai faɗaɗa ta ya ƙara madafa cikin 'yan kwanaki, amma kada ya kai wutar walda jikin dogo ko ginshiƙan da ke ɗauke da shi, matakalar ta tsaya da ƙafafunta. Mai kula da injin kuma ya san yadda ake buɗe ƙarfen cinya, wanda ke riƙe fasinja a kujera, da hannu, tarago ɗaya bayan ɗaya, ba duka a lokaci guda ba, da mutum a gefen kowane yaro.

Na biyu tufafinmu ne. Wanda ya zana jirgin bai yi lissafin hijabi mai jan ƙasa ba, ko gyale, ko hannun babbar riga. Tsakanin taragu akwai sarari, kuma a ƙarƙashinsa sarƙa ce ke tafiya da ƙarfin da ke jan tan 2. Ba ta san ƙyalle da ƙugiya ba. A rufe sararin da roba mai kauri, a yi wa faifan ƙasa keji na raga, a kuma sa mace ma'aikaciya a tasha da za ta bi kujeru ta tattare wa mata da 'yan mata mayafi su zauna a kai kafin a saki birki. Wannan ba ya cikin littafin jirgin, amma a Zariya ya zama tilas.

Kafin a biya cikon kuɗi, a nemi dillali ya kawo takardar shaidar cewa an ƙera shi bisa wani ma'auni sananne, ko EN 13814 na Turai ko GB 8408 na ƙasar Sin, da littafin kulawa cikin harshen da makanike zai iya karantawa. A sa a cikin ciniki: ƙugiyar ja biyu, waigi biyu, sifirin ɗinsu da fil-fil, gaɓoɓin haɗa sarƙa, da tayoyi na kowane iri uku, masu hawa kan dogo, masu riƙe gefe, da na ƙarƙashi masu hana tarago ɗagawa. Ƙugiya da waigi ƙarfe ne da aka gasa ya yi tauri, in suka cinye ba a cike su da walda a goge a mayar. Wanda aka yi wa haka yana iya yin kyau a ido ya tsage ranar da aka fi buƙatarsa.

Ranar karɓar kaya a yi gwajin nauyi a gaban dillali. A ɗaure jarka uku masu lita 25 cike da ruwa a kowace kujera, kilo 75 ke nan a madadin babban mutum. A tada jirgi, in ya kai tsakiyar tudu a danna jan makunnin gaggawa. A sa alli a dogo a ga nawa ya ja baya: bai kamata ya wuce tazarar haƙori ɗaya ba. A maimaita a kusa da ƙoli, a maimaita da janareta, a kuma gwada tayar da shi daga inda ya tsaya. Sannan a kashe kwamfuresa, injin da ke ba birki iska, a ga ko birkin tasha ya kama da kansa, domin birki na gari sifirin ne ke rufe shi, iska buɗe shi kawai take yi.

Da waɗannan gyare-gyare, jirgin ya cancanci saye. Ƙashin bayansa, wato sarƙa da waigi da moto, nagari ne, gazawarsa kuma duk a wuraren da kuɗi kaɗan da kulawa ke toshewa take. Ba tare da su ba, ba mu ba da shawarar a ɗora ɗan kowa a kai.

Ga iyaye da za su kai yara, ba sai kun san lamba 100 ko amfiya ba. Ku tsaya ku kalli zagaye biyu kafin ku sayi tikiti. Ku saurari ƙarar hawa, ta zama jere, ba tsallake, ba inda ta yi shiru. Ku duba ko akwai matakala mai madafa har ƙoli, ko mai kula da injin yana bin kujeru yana jijjiga ƙarfen cinya da hannunsa. In da sanyin safiyar hunturu ne, ku tambaye shi ko ya zagaya da jirgin ba kowa, domin giris ɗin cikin boris kan daskare da sanyi, jirgi ya yi nauyin tafiya har ya kasa tsallake tudu na biyu. Zagaye biyar ko shida ba fasinja sun isa su sake shi.